Tuwo Miyar Kuka: Inda Ake Gane Mai Hannu

A watan Mayun 2023 wata matashiya mai suna Hilda Baci ta tsaya gaban tukunya a Legas tana girki dare da rana, har masu kundin bajinta na Guinness suka tabbatar mata da sa'o'i 93 da minti 11. Ƙasa ta ɗauka, kuma ta cancanci yabon da ta sha. Sai dai akwai wata bajintar da ba a ɗaukar ta a hoto, wadda ake yi a madafan gidajen Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram: mace ta ɗora sanwa sau biyu ko uku a kullum, shekara talatin ko arba'in, kuma na yau bai gaza na jiya daɗi ba.

Tsofaffi ba sa auna girkin mace da abincin Sallah, don ranar nama da mai sun isa su rufe kowane aibi. Tuwo miyar kuka suke jira. Kayansa ba su da yawa: gari, kuka, daddawa, barkono, gishiri, ɗan ruwan kanwa, sai man shanu idan hali ya yi. A ba mata biyu cefane iri ɗaya daga kasuwa ɗaya, na ɗaya a ci ana santi, na ɗayar a taɓa a ture kwano. Mutane sai su ce ai wance hannu gare ta, kamar da shi aka haife ta. Wanda ya zauna kusa da murhu ya lura zai ga hannun nan tarin ƙananan ayyuka ne da take yi a kan ƙa'ida, kowanne da dalilinsa.

Aikin tun daga faifai yake farawa. Mai kula takan baje masara ta tsince wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna, a surfa, a bakace dusa, a wanke a zubar da ƙwayoyin da suka taso saman ruwa, a rege tsakuwa. Wasu na ganin ɓata lokaci ne tunda inji zai niƙe komai. Masana abinci kuwa sun daɗe suna gargaɗi kan wata guba mai suna afulatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a masara da gyaɗar da ba su bushe da kyau ba. Tana da hannu a ciwon dajin hanta, kuma wutar girki ba ta kashe ta. Saboda ita ne cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da maganin Aflasafe da ake watsawa a gona. A cikin gida kuwa, tsinta da wankin nan na iyaye mata suna rage ta sosai.

Sai tuƙi, inda yawancin masu koyo ke faɗuwa. Gudaji ba rashin sa'a ne ke kawo shi ba. Idan busasshen gari ya faɗa tafasasshen ruwa a dunƙule, sitacin da ke bayansa yakan dahu nan take ya zama kamar danƙo, ya toshe wa ruwa hanyar shiga ciki, sai a sami ƙullutu mai ɗanyen gari a tsakiya. Shi ya sa ake fara dama gari da ruwan sanyi a yi talge, a bar shi ya yi ta ɓararraka har ƙamshinsa ya canja. Daga nan ake barbaɗa sauran garin kaɗan-kaɗan, hannu ɗaya na zubawa, ɗaya na juya muciya, ƙafa ta dafe gindin tukunya idan a murhu ne. A rage wuta, a rufe ya sulala, a sake tuƙawa kafin a ɗauko mara a kwashe. Mai gaggawa takan yanke dahuwar talge ko ta tsallake sulalar, kuma tuwon ba ya rufa mata asiri: ga warin ɗanyen gari, ga shi kafin gari ya waye ya saki ruwa.

Miyar ma tana da nata sharuɗɗan. Kukar da aka shanya a inuwa takan fito kore shar, ta riƙe yauƙinta da amfaninta. Wadda rana ta dafa a kan kwano ko bakin titi takan koɗe ta yi ja-ja. Gwanaye kan murza ta a yatsa su shinshina kafin su biya kuɗi. Wajen kaɗawa ana sassauta wuta, a riƙa barbaɗawa ana burgawa da maburgi, kuma ba a barin ta ta daɗe a wuta bayan ta haɗu. Kanwa kuwa jiƙa ta ake yi a tace ruwan, yashin ya zauna a ƙasa. Kaɗan ta isa. Idan ta zarce, miya ta yi bauri, kuma tana lalata wasu sinadaran bitamin, musamman B1 da C.

Ruhin miyar dai daddawa ne, kuma ita kanta aikin haƙuri ce. Kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, ake dafawa sa'o'i masu yawa, wani lokaci a kwana ana iza wuta, a surfe ɓawon, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. A cikin kwanakin nan wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda masana ke kira Bacillus subtilis, suke narka sinadarin gina jiki da ke cikin kalwar, su fitar da gulutamet, abin da ke sa miya ta zauna a harshe. A 1908 wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya gano wannan sinadari a cikin ciyawar teku, kuma a shekarar ne kamfanin Maggi na Suwizalan ya fitar da dunƙulensa. Matan ƙasar Hausa sun riga su cin moriyar gulutamet da daɗewa. Mai hannu takan daka daddawar da barkono da citta, ta zuba tun ruwa bai tafasa ba, ta bar ta ta dahu har warin ya juye ƙamshi. Wadda ta jefa ta a makare ita ce ke sa yara su ce ba sa son daddawa.

Dunƙule ba abokin gaba ba ne, ya sauƙaƙa wa mata da yawa. Abin takaicin shi ne yadda ya zama mafaka: miya ba ta dahu ba, a ƙara biyu; ba ta yi daɗi ba, a ƙara uku. Kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne, ga kuma gishirin da aka riga aka zuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A gidan da ke da mai hawan jini wannan lissafi ba na wasa ba ne.

A da, yarinya a gefen uwarta take ɗaukar duk wannan. Uwar ta ɗiga mata miya a tafin hannu ta ce, "Ɗanɗana ki gaya min me ya rage." Yau makaranta ta cinye yawancin lokacin, kuma ba abin baƙin ciki ba ne. Shirye-shiryen talabijin irin su Akushi Da Rufi na tashar Arewa24 da bidiyoyin waya sun cike wani gurbi, har sun shigo da girke-girken da iyaye ba su sani ba. Amma waya ba ta kawo ƙamshin talgen da ya dahu, ba ta kuma nuna nauyin da muciya ke yi idan gari ya isa. Wannan sai yau da gobe. Waɗanda ke ci gaba da sauri su ne masu riƙe ma'auni ɗaya, gwangwani ɗaya na gari da kofi ɗaya na ruwa, idan girki ya ɓaci su tambayi kansu a ina, gobe su gyara abu ɗaya tak su ga bambanci. Wadda ta koma gas daga itace ma sai ta sake koyo, don harshen gas a wuri ɗaya yake dukan gindin tukunya, kuma tukunya marar kauri ba ta jimawa take kamu.

Ba adalci ba ne a ɗora wa mace nauyin duka. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin cefane ya ragu a hannun jama'a, kuma mai goyo a baya, wadda sai ta jira mai kurar ruwa, ba za a kwatanta ta da mai famfo da firiji ba. Maigidan da ya kawo cefane bayan la'asar, ko ya sayo ɗanyen itace, yana da rabonsa a tuwon da bai sulala ba. Wanda ya ci ya ƙoshi ya miƙe ba ko sannu da aiki, shi ma yana kashe gwiwar mai girki. Yara maza kuma babu abin da zai rage su idan suka iya riƙe muciya. Masu tsire da kilishi da shayi maza ne, kuma a cikinsu ma ana gane mai kula tun daga yankan namansa.

Aiki na ƙarshe shi ne na abin da ya rage a tukunya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'o'i 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, abin da ke da wuya a gidan da babu lantarki. Dabarar da ta rage wa irin wannan gida ita ce a sake tafasa miya kafin a kwanta, a rufe ta ruf, kada a ƙara tsoma ludayin da aka ci da shi. Da safe a yayyanka tuwon ƙanana don zafi ya ratsa tsakiyarsa, a ɗumama shi har ya yi tiriri ciki da waje kafin a zuba wa 'yan makaranta.