Samari Huɗu da Ihun 'Yan Mata

'Yan'uwana mata, duk wadda ta taɓa ajiye faifan garmaho, ko ta riƙa kasa kunne ga akwatin rediyo wajen 1964, ba ta rasa jin sunan Beatles ba. Samari huɗu ne daga Libaful ta ƙasar Ingila: John, Paul, George, da Ringo mai ganga.

To, ku ji abin da mata suka yi musu. Ran 15 ga Agusta 1965 suka yi wasa a filin Shea na birnin Niyok. Mutum fiye da 55,000 suka hallara, galibinsu 'yan mata. Tun ba a taɓa kiɗa ba ihu ya tashi, wasu na kuka, wasu na suma ana ɗauke su. Kai, mawaƙan kansu ba su jin muryoyinsu! Ringo sai ya dubi motsin jikin 'yan'uwansa kafin ya san inda waƙa ta kai. Ni dai a ganina ƙaunar ta yi yawa: an biya kuɗi don a ji waƙa, an kuma danne ta.

Wannan na cikin abin da ya gajiyar da samarin. Daga wasan San Firansisko na 29 ga Agusta 1966 suka daina yawon wasa. Sai a 1969 suka ɗan taɓa bisa rufin wani bene a Landan. A 1970 suka watse.