Sirrin Jin Waƙa Tangaran a Ɗakinki

Sau da yawa budurwa za ta kwashi kuɗin adashi ta sayo sifiku ta jona da kwamfuta, da ta kunna waƙa sai wani "huuu" ya biyo baya, ta ce an cuce ta a kasuwa. Wallahi yawanci ba laifin sifika ba ne.

Ƙugin nan mai kauri daga wutar lantarki yake, wadda ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ki zare cajar kwamfutar ki bar ta a kan batir. In ƙugin ya ɗauke, to kin kama ɓarawon. Sai ki jona kwamfuta da sifika a soket ɗaya, ki raba wayar sauti da ta wuta, ki kuma nisanta salularki.

In da hali, ni shawarata ki sayi ɗan akwatin DAC mai shiga USB. Shi ke mayar da waƙar sauti a wajen kwamfutar, nesa da hayaniyar cikinta. Ki nemi waƙoƙin FLAC, don ba sa zubar da komai, saɓanin MP3 mai yanke wani abu.

Amma fa 'yar uwa ki tausaya wa kunnenki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. In sauti ya fita tas, me zai sa ki ƙure shi har maƙwabta su kawo ƙara wajen Mama?