Gidajen Tarihin Jiragen Sama: Yadda Aikin Gayya Ke Raya Tsofaffin Jirage

Gidan tarihin jiragen sama wuri ne da ake ajiye jiragen da suka gama aiki, a gyara su, a buɗe wa jama'a ƙofa su shiga su gani. Wasu irin waɗannan gidaje na gwamnati ne, da ma'aikata masu albashi. Amma da yawa daga cikinsu, musamman a Ingila da Amurka, ƙungiyoyi ne na masu aikin sa kai suka kafa su, su ne kuma ke riƙe da su. A ƙasar Katsina idan aka ce 'yan sa-kai, abin da ke zuwa zuciya shi ne masu tsaron ƙauyuka. Na gidajen tarihin kuwa sun fi kama da 'yan gayya: tsofaffin injiniyoyi da matuƙa da suka yi ritaya, da kafintoci, da malaman makaranta, da ɗalibai, kowa yana ba da yini ɗaya ko biyu a mako ba tare da an biya shi ko kwabo ba.

Ɗaya daga cikin mafi daɗewa shi ne gidan tarihin de Havilland da ke kusa da Landan, wanda aka buɗe a 1959 domin adana samfurin farko na jirgin yaƙin Mosquito, jirgin da aka ƙera da katako a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A nahiyar Afirka misalin da ya fi fitowa fili yana Afirka ta Kudu. A 1986 wasu ma'aikatan kamfanin jiragen saman ƙasar, tare da masu sha'awar harkar, suka kafa ƙungiyar adana tarihin kamfanin, wadda ke da mazauni a ƙaramin filin jirgi na Rand kusa da Johannesburg. Ranar 5 ga Maris 2004 aka sauko da wani katafaren Boeing 747 mai suna Lebombo a kan titin jirgin wannan fili, titin da faɗinsa bai wuce mita 15 ba, aka miƙa shi ga ƙungiyar. Tun daga ranar bai sake tashi ba. Yanzu 'yan makaranta ne ke hawansa, su zagaya cikinsa, su leƙa ɗakin matuƙi.

Gyaran tsohon jirgi iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu mai girma ce. Akwai gyara don kallo, inda ake mayar wa jirgi kamanninsa na da, ya tsaya a ƙasa. Akwai kuma gyara don tashi, wanda dole kowane ƙarfe da kowace waya su cika sharuɗɗan hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, a kuma samu injiniya mai lasisi ya sa hannu a kan kowane aiki. Yawancin ƙananan gidajen tarihi a na farkon suke tsayawa, don na biyun yana cin kuɗin da ya ninka na farko sau da yawa.

Babban abokin gabar jirgin da ke ajiye shi ne ruwa. Jikin mafi yawan jirage na alminiyam ne, shi kuwa ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Tasa tsatsar fari ce kamar gari, tana cin ƙarfen daga ƙarƙashin fenti, ta fi kuma tsanani a inda alminiyam ya haɗu da wani ƙarfe dabam ga danshi a tsakani. Tsuntsaye suna yin sheƙa a cikin inji da fukafukai, kashinsu yana ƙara cin jikin jirgin. Rana tana busar da roba, ta dusashe gilashin tagogi, tayoyi kuma su tsattsage saboda nauyin da ke kansu a wuri guda shekara da shekaru. Shi ya sa aikin farko ba shi da wani ƙayatarwa: wanki, kankara, toshe ramuka, buɗe magudanan ruwa, da ɗora jirgin a kan matokarai don tayoyi su huta. Bayan nan ne ake cire falankin da ya ruɓe, a yanko sabo daidai da shi, a kafe shi da ƙusoshin ribit ɗaya bayan ɗaya. Jiragen farko-farko kuwa, waɗanda ƙashinsu na katako ne, da yadi ake lulluɓe su, a ɗinke, a shafa wani irin ruwan magani da ke sa yadin ya ɗame kamar fatar ganga.

Aikin yana da haɗarinsa. Agogunan tsofaffin jiragen yaƙi an shafa musu fenti mai sinadarin radiyam don su yi haske da dare, kuma ƙurarsa illa ce ga jiki. Kujerar da ke cilla matuƙi waje lokacin hatsari tana aiki ne da nakiya, sai ƙwararre ya kwance ta kafin a bar kowa ya zauna. Takardu ma suna da daraja kamar ƙarfen kansa. Littafin da aka rubuta tafiye-tafiyen jirgi da gyare-gyarensa shi ne asalinsa. Idan ya ɓata, ba a san inda jirgin ya je ba, ba a san wa ya tuƙa shi ba, sai ya zama gangar jiki kawai.

Haƙurin masu wannan aiki abin a jinjina ne. Wani jirgin yaƙi ƙirar Wellington ya faɗa tafkin Loch Ness na Sikotlan a ranar ƙarshe ta 1940, ya kwana a ƙarƙashin ruwa kusan shekara 45, sai a 1985 aka tsamo shi. Masu aikin sa kai na gidan tarihin Brooklands suka shafe shekaru suna harhaɗa shi, yau yana nan tsaye ana kallonsa.

Kuɗin ƙofa shi kaɗai ba ya riƙe irin wannan gida. Akan haɗa shi da kuɗin zama mamba na shekara-shekara, da cinikin shayi da littattafai da kayan tsaraba, da hayar rumfar jirgi ga masu taro ko biki. Akan kuma ware ranaku na musamman: ranar da ake buɗe ɗakin matuƙi yara su zauna a kujerarsa, ranar da ake tayar da inji jama'a su ji rurinsa, ranar da tsofaffin ma'aikata ke zuwa su ba da labarin abin da suka gani. Waɗannan tarurruka ba kuɗi kaɗai suke kawowa ba, a nan ne ake samun sababbin hannuwa, domin yaron da ya zauna a kujerar matuƙi bana shi ne zai dawo da tsumma da sifana bayan 'yan shekaru. A East Kirkby da ke gabashin Ingila, wasu manoma biyu 'yan'uwan juna, Fred da Harold Panton, sun sayi jirgin Lancaster don tunawa da ɗan'uwansu da ya mutu a yaƙi a 1944. Ana biyan kuɗi a shiga jirgin, a tayar da injinansa huɗu, a zagaya da mutum a ƙasa ba tare da an tashi ba, kuɗin kuma yana tafiya wajen gyaran da ake fatan zai mayar da shi sama.

Labarin jirgin Vulcan mai lamba XH558 ya nuna iyakar abin da gudummawar jama'a za ta iya. Rundunar sojan saman Birtaniya ta sallame shi a 1993. A 2004 asusun kayan tarihi na ƙasar, wanda ake ciyar da shi daga cacar ƙasa, ya ba da fam miliyan 2.7 domin gyaran da zai mayar da shi sama. Duk da haka a 2006 aikin ya kusa tsayawa, sai da dubban mutane suka yi karo-karo, wani attajiri mai suna Jack Hayward ya ƙara fam 500,000. Jirgin ya tashi ranar 18 ga Oktoba 2007, ya yi shekara takwas yana shawagi a bukukuwa. A Oktoban 2015 ya sauka saukar ƙarshe, ba don masoya sun gaji ba, sai don kamfanonin da doka ta ɗora wa alhakin tabbatar da lafiyarsa sun janye, ƙwararrun da suka san shi kuma suna ta tsufa.

Arewacin Najeriya yana da tarihin da ya cancanci irin wannan gida. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan ta Masar, kuma daga wannan sauka ake ƙirga tarihin jirgin sama a Najeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jirage fiye da 5,000 da aka harhaɗa a Takoradi ta ƙasar Gana sun bi hanyar da ta ratsa Kano da Maiduguri zuwa Masar. A 1964 aka kafa rundunar sojan saman Najeriya da kuma makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. A Kaduna aka harhaɗa ƙananan jiragen horo 60 masu suna Air Beetle. Kamfanin Kabo Air na Kano, wanda aka kafa a 1980, ya yi shekaru yana jigilar alhazai, kuma dattawa da yawa a Dutsin-Ma da Kurfi ba su taɓa shiga jirgi ba sai ta dalilin aikin Hajji.

Wanda ke son ganin irin jirgin da ya sauka a Kano a 1925 sai ya je Landan. DH.9A ɗaya tak ya rage a duniya, yana gidan tarihin sojan sama na Hendon. Jamusawa ne suka kama shi a 1918, ya zauna a Balin, yaƙi ya kai shi Folan, sai a 1977 aka karɓo shi ta hanyar musaya da wani jirgin Spitfire. A Najeriya kuwa, wurin da aka fi sani da ajiye jirage shi ne gidan tarihin yaƙi na Umuahia, inda jiragen yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, irin su MiG-17 da Il-28, suke tsaye a fili, kuma na gwamnati ne. Jiragen fasinja ba su samu ko wannan gatan ba. Bayan rushewar Nigeria Airways a 2003 da durƙushewar kamfanoni masu zaman kansu da dama, jirage sun yi ta ruɓewa a gefen filaye, har a 2013 hukumar filayen jiragen sama ta sa aka shiga datse su. Abin da aka datse ya tafi hannun 'yan gwangwan. Share filin jirgi daga tarkace wajibi ne don tsaro, amma asara ce a ce ba a ware ko da ɗaya daga kowane iri ba.

Ta fuskar yanayi, tsakiyar Katsina ta fi Legas ko Umuahia dacewa da ajiye jirgi. Rani mai tsawo da ƙarancin danshi suna rage tsatsa, dalilin da ya sa Amurka ke ajiye dubban jiragenta a hamadar Arizona ke nan. Matsalar a nan ita ce zafin rana da ƙurar hunturu da guguwar farkon damina, waɗanda rumfar kwano da ɗaure jirgi da ƙasa suke magancewa. Hannuwan aiki ma akwai su: masu walda, masu gyaran jikin mota, masu fenti, da maƙera, ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Hanyar tara kuɗi kuwa ba baƙuwa ba ce ga mutanen wannan yanki, waɗanda suka saba da gayya da karo-karo da ƙaddamar da gidauniya don gina masallaci ko ajin makaranta. Cacar ƙasa irin ta Birtaniya ba za ta karɓu a nan ba, sai dai waƙafi da taimakon attajirai da ƙungiyoyin ci gaban gari su maye gurbinta.

Abin da ya fi wuya shi ne matakin farko. Jirgin da aka yasar yana da mai shi, sau da yawa kuma akwai bashi ko shari'a a kansa, don haka sai ƙungiya mai rajista ta samu takardar mallaka ko ta aro na dogon lokaci kafin ta taɓa shi. Ɗaukarsa ma aiki ne: a zuƙe mai, a kwance fukafukai da jela, a ɗora gangar a kan tirela, a auna faɗin hanya da tsayin wayoyin lantarki. Saboda haka ƙananan gidajen tarihi da yawa ba da ƙaton jirgi suka fara ba. Sun fara ne da ɗaki ɗaya mai ɗauke da hotuna, da tsofaffin tikiti, da kayan sarkin matuƙa, da farfela ko inji guda, sannan daga baya suka nemi ƙaramin jirgin horo mai kujera biyu, wanda tirela ɗaya ta isa ta ɗauke shi.