Keken Lantarki Da Oba-Oban Jami'i: Haɗarin Da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya saba zama sahun gaba a masallacin Juma'a ya san wannan ƙara. Liman yana tsakiyar huɗuba sai lasifika ta ɗauki wani gurnani mai tsinkewa, kafin a ankara kuma wayar wani bawan Allah da ke kusa da amfilifaya ta fara ruri. Babu igiyar da ta haɗa salular da lasifikar. Siginar rediyon da salular ta watsa ce ta kutsa cikin wayoyin na'urar, ita kuma ta karɓe ta a matsayin murya. A masallaci hukuncin bai wuce harara ba. Amma yaya lamarin zai kasance idan na'urar da aka yi wa wannan kutse ita ce ke riƙe da birkin keken da dattijo mai shanyewar ɓarin jiki yake kai, a bakin kwalbati?

Shekarun baya wannan tambaya ba ta shafe mu ba. Keken guragun da muka sani a Daura shi ne mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda ke ƙerawa, kuma akasarin masu hawansa waɗanda shan inna ta taɓa ne tun suna yara. Ƙarfe ne da sarƙa, babu abin da sigina za ta ruɗa a jikinsa. Yanzu kuwa alhazai sun ga kekuna masu batir da ake hayarsu a Harami don ɗawafi da sa'ayi, 'ya'yan da ke aiki a Kano da Abuja kuma sun fara sayo wa iyayensu irinsu. Alheri ne babba. Sai dai da yawansu na gwanjo ne, suna isowa babu takardar bayani, babu caja ta asali.

Wani kawuna yana cikin waɗanda aka saya wa. A wajen wani ɗaurin aure da manyan baƙi suka halarta, wani jami'in tsaro ya sunkuya yana gaishe shi, oba-oba a hannunsa. Aka kira shi, ya danna ya amsa ba tare da ya miƙe ba. Nan take keken ya zabura kamar taku biyu ya daki benci, alhali hannun kawu yana cikin na mai gaisuwar. Allah Ya taƙaita, ƙwauri kawai ya ƙuje. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ambaci mutanen ɓoye. Da na sa aka buɗe keken, sai muka tarar wani mai gyara ya canza wayar sandar tuƙi da irin wadda ake ja wa lasifika, murfin ƙarfen da ke rufe ƙwaƙwalwar keken kuma babu shi.

Bayanin ba mai wuya ba ne. 'Yar sandar da mahayi ke turawa ba ita ke juya taya ba, saƙo kawai take aikawa, na lantarki ɗan kaɗan, zuwa ƙwaƙwalwar da ke ba injin umarni. Birkin kuma a kulle yake har sai ƙwaƙwalwar ta sake shi. To kowace waya mai ɗan tsawo eriya ce, ko an nufa ko ba a nufa ba. Idan sigina mai ƙarfi ta faɗa mata, takan haifar da lantarki a cikinta, ƙwaƙwalwar kuma ba ta da hanyar bambance wannan da hannun mai keke. Shi ya sa masu ƙira suke lulluɓe wayoyin da ragar ƙarfe, suke kuma ɗaura musu ɗan ƙullutun nan da ake gani a jikin igiyar cajar kwamfuta. Mai gyaran da bai san amfaninsu ba yakan ɗauka ado ne.

Ba mu muka fara cin karo da wannan ba. A Amurka, bayan rahotannin kekunan da suka motsa da kansu, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta gwada wasu a ɗakin bincike ta ga birki yana saki, tayoyi suna juyawa. A 1994 ta nemi kamfanoni su riƙa manna gargaɗi a jikin keke, su kuma bayyana ƙarfin siginar da zai iya jurewa, inda ta ambaci bolt 20 a kowace mita a matsayin mizanin da za a iya cimmawa. Daga baya aka samar da ƙa'idar duniya ta ISO 7176-21 a kan wannan batu. Gaskiya ita ce sabon keken da ya cika wannan ƙa'ida, ba a kuma taɓa cikinsa ba, da wuya ya yi irin abin da na kawu ya yi. Mafi yawan lalacewar kekunan nan a wurinmu daga mataccen batir ne, da ƙura, da ruwan damina. Amma waɗancan tsayar da keke suke yi, wannan kuwa tafiyar da shi yake yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda tsoronmu ya karkata. Mutane suna zargin dogayen turakun sabis da ke cikin unguwanni, alhali siginar da ke isowa ƙasa daga can galibi ba ta wuce bolt ɗaya ko biyu a mita. Ƙarfin sigina yana raguwa ne da nisa: idan aka ninka tazara, sai ya ragu da rabi. Saboda haka oba-oba mai ƙarfin wat 5 da ke ƙasa da kamu ɗaya daga sandar tuƙi tana iya haura wancan mizani na 20. Na'urorin da ke cikin motocin rakiya da na ɗaukar marasa lafiya sun fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba. Salula ba ta wuce wat 2, amma ita ce ake ajiyewa a kan hannun keken, daf da sandar.

Daura kuwa gari ne na taro. Ranar Hawan Sallah, ko Hawan Magajiya, ko Sallar Gani, ƙofar fadar Mai Martaba Sarki Alhaji Umar Faruk Umar takan cika da jami'ai iri-iri, kusan kowane da oba-obarsa. Kuma jami'i mai tausayi shi ne yake matsowa ya buɗa wa mai keke hanya, ya dafa masa baya.

A cikin gida ma akwai abin lura. Gadajen jinya masu ɗagawa da lantarki sun fara shiga ɗakunan tsofaffi, a gefensu kuma ga inbata mai araha da ke fitar da hayaniyar lantarki, ga caja ta aro. Kada a jingina keke ko na'urar gado da inbata, kada kuma a ƙara musu fitila ko rediyo daga batirinsu.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ɗan wannan gari Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi maganar hanyoyin shiga gine-gine. Wajibi ne NAFDAC da SON su duba abin da ake hawa a bi hanyoyin da shi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura kuma za ta iya tara masu gyaran waya da rediyo na Daura da Mai'adua da Zango da Baure da Sandamu, ta nuna musu a yini guda abin da ba a cirewa daga cikin keke.

Kafin nan, mahayi ya kashe keken duk lokacin da ya tsaya, domin kashewar ce ke kulle birki. Kada ya yi waya yana tafiya. Idan keken ya motsa da kansa, ya kashe shi da zarar ya ga yin hakan ba zai kifar da shi ba, a kuma lura da wanda ke kusa da abin da ke hannunsa a lokacin. An mayar wa keken kawu wayar da ta dace da murfinsa, sai dai har yau idan ya hango mai kaki yana nufo shi da gaisuwa, yatsansa ne ke fara kaiwa ga makunni kafin ya miƙa hannu.