Ma'aunin Tankin Ƙazanta: Ƙaramar Na'ura Mai Tsaron Ruwan Jama'a

Duk wanda ya bi hanyar Bwari daga Dutsen Alhaji, ya ratse zuwa Ushafa, abu biyu zai fara gani, watau duwatsun da suka kewaye garin, da kuma tukwanen ƙasa waɗanda matan Gwari suka shahara da ginawa. Wannan gari ne Shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya ziyarta cikin watan Agusta na 2000. Amma abin da ya fi ɗaure Ushafa da rayuwar mazauna Abuja shi ne madatsar ruwa ta Usuma da ke gefen garin. A nan ne Hukumar Ruwa ta Babban Birnin Tarayya take tace ruwan da ake turawa famfunan birni, har ma an jawo ƙarin ruwa zuwa tafkin daga madatsar Gurara ta Jihar Kaduna, ta bututu mai tsawon kilomita 75.

Ruwan da ya wuce madatsar yakan bi Kogin Usuma ta Gwagwalada, ya faɗa Gurara, Gurara kuma ta zuba cikin Kogin Kwara, wanda ya ratsa Lakwaja da Anaca kafin ya isa teku. Ashe ke nan mai ɗiban ruwa a Ushafa da matuƙin jirgin ruwa a Warri igiya ɗaya ta ɗaure su, kuma tambaya ɗaya ce a gabansu: ina ƙazanta take zuwa in ma'ajiyarta ta cika?

Matar da ta girke randa a ɗakinta ba ta bukatar kowa ya gaya mata yawan ruwan da ya rage. Murfi za ta ɗaga ta leƙa, gama ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Tankin ƙazanta kuwa a rufe yake ruf, ba a leƙa shi, ba a kuma so a buɗe shi. Don haka aka ƙera masa ma'auni, ya zama shi ne idon mai shi. In wannan ido ya makance, sai wari da ambaliya su ba da labari.

Abin Da Doka Ta Ce

A jirgin ruwa mai makewayi, bayan gida ba ya zuba cikin ruwa kai tsaye. Akwai tanki a can ƙasan jirgin inda ake tara shi, har a iso tasha a zuƙe da injin. Yarjejeniyar duniya ta hana gurɓata teku daga jirage, wadda aka fi sani da MARPOL, ta keɓe sashe na huɗu musamman domin wannan al'amari, kuma sashen ya fara aiki ran 27 ga Satumba, 2003. Ya shafi jiragen da ke tafiya tsakanin ƙasashe masu girman tan 400 ko fiye, da waɗanda aka yarda su ɗauki mutum fiye da 15. An hana su zubar da ɗanyar ƙazanta sai sun yi nisan fiye da mil 12 na teku daga gaɓa, in kuwa an niƙe ta an kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki, sai bayan mil 3.

Har ila yau sashen ya ce lalle tankin ya kasance da wata hanya ta nuna wa ido yawan abin da ke cikinsa. Watau ma'aunin nan ba ado ba ne, sharaɗi ne. A Nijeriya hukumar NIMASA ce ke lura da jiragen teku, hukumar NIWA kuma, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ita ke lura da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa.

Yadda Yake Aiki, Yadda Yake Lalacewa

Ma'aunin da ya fi yawa shi ne mai 'yar ƙwallo. Sanda ce ake zurawa daga saman tanki, da wata 'yar ƙwallo maras nauyi mai maganaɗisu a cikinta, wadda ke hawa da sauka a jikin sandar gwargwadon cikar tankin. A cikin sandar an jera ƙananan makunnai, maganaɗisun na rufe su ɗaya bayan ɗaya, allurar agogon da ke gaban matuƙi kuma tana motsawa. A tankin ruwa mai tsabta irin wannan yakan yi shekaru bai ce uffan ba. A tankin ƙazanta kuwa, takardar share jiki da gashi da maiƙo sukan nannaɗe ƙwallon har ta maƙale. Bugu da ƙari, in da ruwan teku ake kora makewayin, haɗuwarsa da fitsari takan haifar da wani ɓawo mai tauri kamar dutse a jikin sandar. In ƙwallon ta maƙale a ƙasa, agogo zai yi ta cewa babu kome alhali tanki ya kusa ambaliya. In a sama ta maƙale, zai ce a cike yake ko da yanzu aka zuƙe shi.

Iri na biyu shi ne na ƙusoshin ƙarfe da ake kafawa a jikin tanki hawa hawa. Ruwa ne ke haɗa lantarki tsakaninsu sa'ad da ya taɓa su. Matsalarsu ita ce danshin dauɗar da ta manne a bango shi ma yana haɗa lantarkin, sai fitilar cika ta kama ba gaira ba dalili.

Na uku ana manna shi ne a bayan tanki daga waje, yana jin ruwa ta cikin bango ba tare da ya taɓa ƙazanta ba. Sai dai a tankin roba yake aiki, ba na ƙarfe ba, kuma in dauɗa ta yi kauri a bangon ciki shi ma yakan ruɗe. Na huɗu yana zaune a saman tanki, yana aika wani sauti da kunne ba ya ji, yana auna lokacin da amsa-kuwwarsa za ta komo. Kumfa a kan ruwa, ko raɓa a fuskarsa, sukan ɓata masa lissafi.

Matakan Gyara

Ƙwararren mai gyara ba ya fara da kwance tanki, yakan fara da abin da ya fi sauƙi. Da farko zai duba fis da ƙarfin batir, sa'an nan ya bi waya tun daga agogo har zuwa tanki, domin a wurin da ke da laima da gishiri, mahaɗin waya shi ke fara tsatsa. Sau da yawa kankare tsatsa da ɗaure wayar da ta saki su ne dukan gyaran.

In waya lafiya take, sai a zuƙe tankin, a cika shi da ruwa mai kyau, a sake zuƙewa, har sau biyu ko uku. Wani lokaci wannan ɗauraya kaɗai takan saki ƙwallon da ta maƙale. In ba ta saki ba, sai a kashe wuta, a sa safar hannu, a kwance sandar daga sama, a wanke ta da sabulu da buroshi, a jiƙa ta cikin ruwan khal domin ɓawon ya yi laushi.

Daga nan sai gwaji da mitar masu gyaran lantarki. Za a haɗa mitar da wayoyin sandar, a riƙa tura ƙwallon da hannu daga ƙasa zuwa sama. In lambar tana canzawa daki daki, sandar tana da rai. In ta tsaya cik, makunnan ciki sun mutu, kuma da yake a liƙe suke, sai dai a sayi sabuwa. A nan ne mutane da yawa ke yin asara, domin ma'auni iri biyu ne a kasuwa. Na tsarin Amurka yana nuna ohm 240 in tanki ba kome, 33 in ya cika. Na tsarin Turai kuwa yana tashi ne daga sifiri zuwa 190. Wanda ya haɗa sandar wannan da agogon wancan, zai ga allura tana tafiya a juye.

Wanda ake mannawa daga waje, bayan an wanke cikin tanki, sai an sake saita shi, watau a nuna masa tankin yana wofi, sa'an nan a cika da ruwa a nuna masa cikarsa. Wajen mayar da sanda kuma a sa sabuwar robar baki, don kada wari ya riƙa tsiyaya. Kada kuma a manta da bututun da tanki ke numfashi ta cikinsa. Tankin da ya cika ya wuce ƙima yakan tura ƙazanta cikin bututun nan ya toshe shi, in kuwa aka zuƙi tanki bututun yana toshe, yana iya lotsewa ko ya tsage.

Akwai haɗarin da ya fi wari. Ƙazantar da ta daɗe a rufe tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasa. In ta yi yawa takan kashe jin warin hanci, mutum ya zaci ta tafi, sai kawai ya yanke jiki ya faɗi. Akwai kuma wata iskar mai kama wuta. Saboda haka ba a aikin nan sai an buɗe ƙofofi, ba a kusantarsa da ashana ko taba, ba a zura kai cikin tanki, ba a kuma yinsa mutum ɗaya. Haka nan ba a gama bilic da ruwan khal ko wani asid, gama haɗinsu yana ba da hayaƙi mai guba.

Darasi Ga Na Tudu

Mai karatu a Ushafa ko Funtuwa yana iya cewa ina ruwan biri da gada, shi da ba shi da jirgi? Amma ai 'yar ƙwallon nan ita ce a tankin ruwan da ke bisa rufin gidaje, wadda ke kashe injin in tanki ya cika. Ita ce kuma a ramin ƙazanta na manyan gine-gine irin su asibitoci da otal-otal, inda take tayar da injin zuƙa. In tsumma ya riƙe ta a can, ko dai injin ya ƙi tashi rami ya yi ambaliya, ko ya yi ta aiki a bushe har ya ƙone. Cutar ɗaya ce da ta jirgi, maganin ma ɗaya ne.

Unguwannin tsakiyar Abuja suna da babban bututun ƙasa mai kai ƙazanta matatar Wupa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Kare Muhalli ta Abuja. Garuruwan kewaye kuwa galibinsu da shadda da masai suka dogara, kuma shadda ba ta da agogo. Maigida ba ya sanin ta cika sai ta fara komowa ta makewayi, ko ta ɓulla a tsakar gida. In hakan ya faru da damina, ruwan sama ne zai kwashe ta zuwa kwata, daga kwata zuwa rafi da rijiyoyin maƙwabta. Don haka ne masana kiwon lafiya sukan ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya.

Ruwa ba ya tsami banza. A annobar amai da gudawa ta 2021, an ba da rahoton fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Babban Birnin Tarayya yana cikin wuraren da ta shafa. Cikin Nuwamba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umurnin yaƙi da yin bahaya a fili, a 2022 kuma aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta cim ma wannan buri. Amma gina makewayi rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin ranar da raminsa zai cika, da kuma inda motar zuƙa za ta juye abin da ta ɗauka.

Ya kamata masu jirage su riƙa ɗauraye tanki duk sa'ad da aka zuƙe shi, su kuma riƙa rubuta kwanakin da yakan ɗauka kafin ya cika, domin su gane ranar da agogo ya fara yi musu ƙarya. Masu gidaje su ma su rubuta ranar da aka zuƙe shaddarsu, su daina jefa tsumma da leda a ciki, kada su jira sai ta tumbatsa. Hukumomi kuma su tanadi wuraren juye ƙazanta a tashoshin jiragen ruwa da garuruwan da ke bakin tafkuna, su sa ido a kan motocin zuƙa don kada su riƙa juyewa a rafi. Rigakafi dai ya fi magani, musamman ga garin da ke zaune a bakin ruwan da babban birnin ƙasa yake sha.