Su Wane Ne Dattawan Ikilisiyar Farko?

Bahaushe ya san bambancin tsoho da dattijo. Tsufa shekaru ke kawo shi, dattako kuwa hali ne. Wanda ya riƙe wannan ba zai sha wuyar fahimtar mutanen da suka ja ragamar jama'ar Kirista a ƙarni na farko ba.

Da Girkanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma kalmar da aka kira su da ita, presbuteros, ma'anarta wanda ya manyanta. Kiristoci ba su ƙirƙiro muƙamin ba, gadonsa suka yi daga Yahudawa. Attaura ta ba da labarin dattawa 70 da aka zaɓa su taya Annabi Musa ɗaukar nauyin jama'a, haka nan majami'un Yahudawa suna da nasu dattawan.

Abin lura, farkon inda littafin Ayyukan Manzanni ya ambaci dattawan ikilisiya, maganar amanar kuɗi ce. Yunwa ta faɗa wa Yahudiya a zamanin Sarki Kalaudiyas, 'yan'uwa na Antakiya suka haɗa gudummawa, Barnaba da Bulus suka kai ta hannun dattawa. Wajen shekara ta 49 Miladiyya, da gardama ta tashi kan ko dole ne wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya kafin a karɓe shi, manzanni da dattawa ne suka zauna a Urushalima suka yanke hukuncin cewa ba dole ba ne.

Ka tuna lokacin ba a fara gina coci ba, a gidajen mutane ake taruwa. Shi ya sa sharuɗɗan da wasiƙun Sabon Alkawari zuwa ga Timoti da Titus suka gindaya kusan duk na zaman gida ne: mijin mace ɗaya, ba mashayi ba, ba mafaɗaci ba, mara kwaɗayin kuɗi, mai karɓar baƙi, wanda ya iya da 'ya'yansa. Hujjar a fili take, wanda gidansa ya gagare shi ina zai iya da jama'a? Iya koyarwa na ciki, amma hali ya fi yawa a lissafin. Aikinsu kuwa koyarwa, tsare jama'a daga masu ɓad da su, da zuwa wurin mara lafiya a yi masa addu'a a shafa masa mai.

A ganina abin da ya fi muhimmanci shi ne, ba a bar wa mutum ɗaya ragama ba. Kowane gari dattawa ake naɗawa, da jam'i. Kalmar episkopos ma, wato mai lura, wadda ta zama bishop, da ita Bulus ya kira dattawan Afisa ranar da ya yi musu bankwana a Militus. Mutanen ɗaya ne, sunayen ne biyu.

Tsarin bai daɗe haka ba. Wajen shekara ta 110, Ignatiyus na Antakiya, ana kan hanyar kai shi Roma a kashe shi, ya rubuta wasiƙu yana nanata a bi bishop ɗaya, dattawa su zama majalisarsa, masu hidima na biye. Sannu a hankali, da ikilisiyoyi suka yawaita, aka riƙa tura dattijo guda ya jagoranci ibada a madadin bishop. Daga nan muƙamin limaman Katolika da na Otodoks ya samo asali. Jerom, malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, tun a ƙarni na 4 ya rubuta cewa da farko dattijo da bishop abu ɗaya ne.