Jinyar Mai Ciwon Daji: Idan Loma Ta Gagara

"Daure ka ci, Malam, ko loma ɗaya ce." Da wuya a sami gidan da ake jinyar mai ciwon daji ba a ji irin wannan magiya ba. Uwargida ta tashi tun asuba ta dama kunu, ta yi farfesun kaza da kuɗin da aka ranto, ta ajiye gaban maigida, ya duba ya kau da kai. Wani gidan kuma mijin ne zai zagaye kasuwa ya sayo kayan marmari, matar ta ɗan taɓa ta ture. Daga nan ɓacin rai ke shigowa. Mai jinya ya ga kamar an raina wahalarsa, ko majinyaci ya fid da rai da rayuwa. Dangi in sun zo dubiya suka ga rama, sai a koma gefe ana ƙus-ƙus cewa ba a kula da shi.

Akasari ba haka abin yake ba. Ciwon ne da kansa ke kashe sha'awar abinci. Idan daji ya yi nisa, musamman na tumbi, huhu ko maƙoshi, ƙarin da garkuwar jiki suna sakin wasu sinadarai cikin jini waɗanda ke toshe jin yunwa, su kuma sa jiki ya riƙa cinye tsokarsa da kitsensa. Likitoci na kiran wannan yanayi kakeksiya. Ya bambanta da ramar yunwa: mai yunwa in ya samu abinci zai murmure, amma wannan ko an cika masa ciki tsokar ba ta dawowa yadda take. Saboda haka ramar mijinki ba shaida ba ce a kan girkinki.

Sai dai akwai dalilan da ke da magani, kuma nan ne idon mai jinya ya fi amfani, domin shi ke kwana ya tashi da majinyaci. Allurar kemo tana kawo tashin zuciya da gyambon baki, tana canza ɗanɗano har nama ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe. Gashin da ake yi da na'ura a wuya ko kai yana busar da yawu, haɗiya ta zama azaba. Magungunan kashe zafi irin su morfin suna ɗaure ciki, wanda kuwa ya kwana huɗu bai zagaya ba, ina zai sa tuwo? Haska bakin majinyaci da tocila. In an ga farin abu shimfiɗe a harshe, ƙwayar cuta ce da magani ke kawarwa cikin kwanaki. Duk waɗannan a faɗa wa likita ɓaro-ɓaro, kada kunya ta hana. Akwai maganin amai, akwai na sassauta ciki, akwai ma na tayar da sha'awar abinci. A 2023 ƙungiyar likitocin daji ta Amurka ta ƙara maganin olanzafin, ɗan kaɗan, cikin abin da likita zai iya rubutawa don tayar da sha'awar abinci. Likita ne zai rubuta, ba mai kemis ba.

A gida kuwa, a bar kawo malmala guda. Babban kwano shi kaɗai yana karya zuciyar marar lafiya. A zuba cokali uku ko huɗu a ƙaramin faranti, a sake kawowa bayan awa biyu. Da yawa sun fi iya ci da safe, to a kai abu mafi gina jiki wannan lokaci. Tun da cikin ba ya ɗaukar da yawa, kowace kurɓa ta zama mai nauyi: kunun gyaɗa da madarar gari, dafaffen ƙwai, alale mai laushi, fate, ayaba. Abinci mai sanyi ko ɗumi-ɗumi ya fi shiga, domin tururi da ƙamshin suya na tayar da zuciya. Fura ma tana shiga, amma mai karɓar kemo garkuwarsa ta yi rauni, don haka a dama da yogot ko nonon da aka tafasa madararsa. Mai gyambon baki a raba shi da yaji da tsami, ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri.

Ruwa ya fi abinci gaggawa. A riƙa ba shi kurɓa-kurɓa duk yini, yana zaune, ba a kwance ba, kada ya sarƙe ruwan ya gangara huhu. In fitsari ya ragu ya yi duhu, in amai ya hana komai zama a ciki yini guda, in yana tari duk sa'ad da ya haɗiya, ko zafin jiki ya kai digiri 38 yana cikin karɓar kemo, asibiti za a nufa ba tare da jiran ranar ganin likita ba.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta ƙarshen jinya. Wanda ƙari ya tare wa maƙoshi alhali ana sa ran magani zai yi aiki, bututun abinci na iya riƙe shi. Amma idan ciwo ya kai maƙura, jiki da kansa ke daina neman abinci, kuma ɗura ba ta ƙara kwana, sai dai kumburin ciki da amai. A nan, jiƙa masa leɓe, goge masa baki da zama kusa da shi su ne jinyar. Na fi ganin alheri a tambaye shi, "Me ranka ke so?" Idan ya ce ba komai, a ɗauke kwanon ba tare da ɓata fuska ba.

Ku kuma 'yan uwa masu zuwa dubiya, wadda ke jinyar mijinta ita ma sau da yawa ba ta ci ba, ba ta runtsa ba. Kafin ku tambayi dalilin ramarsa, ku karɓe ta na yini ɗaya ta samu ta yi barci.